Kwanon Uba a Shekarar Attarugu

In ka je Yako ka tambayi Uba dillali, za a nuna maka wani dogon mutum mai ɗan ranƙwafo, wanda ko "ina kwana" ka ce masa sai ya ɗan yi tunani kafin ya amsa, kamar mai tsoron a kama shi da ƙarya. Da ba haka yake ba. Ni na san shi tun yana yawo ba wando. Jikan yayata ne. Sunan kakansa aka sa masa, shi ya sa ake sakaya shi da Uba. Ni mijina nake ce masa, shi kuma ya ce mini amarya, ko da yake amaryar haƙoranta na gaba sun riga ta tafiya lahira.

Tun yana ƙarami Allah ya ba shi baki. Uwarsa za ta ɗora masa tallan ƙosai, ya sayar har da wanda ya ƙone, ya ce wa mutane ai irin na birni ke nan. Da ya tasa, noma bai karɓe shi ba, don fartanya ba ta jin daɗin baki. Sai ya faɗa kasuwar gwari ta bakin titi, inda manyan motoci ke lodin kayan miya zuwa Kudu. Ya fara da dako, ya koma lodi, daga baya wani tsohon dillali ya ga yaron nan zai iya sayar wa makaho madubi, ya jawo shi jikinsa. Kafin ya auri Luba ya riga ya zama dillali mai rumfarsa, manoma na kawo masa kaya ya sayar ya cire la'adarsa.

Wanda bai san kayan gwari ba, bari in gaya masa halinsu. Hatsi za ka zuba a rumbu ka yi barcinka. Tumatir da attarugu kuwa ranar da ka tsinke su ranar suka fara bankwana da kai. Daga tsakiyar sanyi zuwa farkon zafi, lokacin da noman rani ya nuna, kasuwa cika take har a rasa wurin sa ƙafa, mai kaya yana roƙon mai saye. Da zafi ya tsananta gonaki su ƙone, damina ta kawo kai, sai kaya su ɓace. A lokacin za ka ga mace ta aika a sayo mata tumatir, a kawo mata shi a ƙulle kamar maganin asibiti. Kowace shekara haka take juyawa, kuma kowace shekara mazanmu mamaki suke yi, kamar ranar aka haife su. Abin da ya yi tsada bara shi kowa zai shuka bana, sannan a taru a kasuwa ana kallon juna ana salati.

Uba ya fi su wayo a nan. Shi ba farashin yau yake kallo ba. Da an fara girbin masara sai ya hau babur ya zaga wurin masu sayar da iri da dashe, daga Tudun Wada zuwa wajen Tiga, wani lokaci har Doguwa. Irin da ya ga ana rububinsa, ya san nan da 'yan watanni shi za a rasa inda za a zubar. Da wannan dabarar ya yi suna. A unguwarmu ba mai yin bedi, wato fangalin shuka a fadama, sai ya ji ta bakin Uba.

Wurin jin ta bakinsa kuwa shi ne wurin ciyayya. A unguwarmu har yau da an idar da sallar magariba kowane magidanci za a fito masa da kwanon tuwonsa ƙofar gidan Baffa, a ƙarƙashin darbejiya. A jera kwanuka, a fara da ɗaya, kowa ya sa hannu, in ya ƙare a jawo na gaba. Ba a tambayar na wane ne, amma kowa ya san na wane ne, kuma matan gida suna duba kwanon in ya dawo kamar masu duba sakamakon jarrabawa. Kwanon da ya dawo a sharce, mai shi tana da mutunci. Ni kuma zauren da nake ajiye tiren daddawata bango ɗaya ne da wurin. Tsufa ya ba ni izinin zama inda mata ba sa zama, kunnuwana kuwa ba su bi haƙorana ba.

Baffa abokin Uba ne tun na wasan ƙasa. Mutum ne mai sanyi, kafin ya gama jimla ɗaya Uba ya sayar da mota guda. Abin da ya mallaka na alfahari shanun huɗa ne guda biyu, fari da baƙi, da ya saya tun suna maruƙa a wurin wani Bafulatani na wajen Ɗansoshiya. Matarsa Ramla takan ce da za a ba shi zaɓi tsakaninta da baƙin san nan, da ta fara haɗa kayanta.

To, aka yi wata shekara da tsutsa ta faɗa wa gonakin gwari, attarugu ya yi tsadar da ban taɓa gani ba. Baffa yana da 'yan bedi kaɗan da suka tsira, da su ya sayi babur. Babur ɗin nan shi ya haukata unguwa. Da kaka ta zo, ana cikin ciyayya, sai Maikano, maƙwabcinsu mai bakin tsiya, ya ce:

"To Sarkin Kasuwa, bana me za mu sa a fadama? Ka faɗa mana mu ma mu hau babur, mun gaji da shaƙar hayaƙin Baffa."

Uba ya lashe yatsa, ya gyara zama. A lokacin bai yi zagayensa na wurin masu iri ba tukuna. Amma an kira shi sarki, ga idanu a kansa, shi kuma tun da aka haife shi bai taɓa cewa "ban sani ba".

"Attarugu," in ji shi. "Mutanen Kudu ba sa iya rayuwa ba shi. Wanda ya sa attarugu bana, ya nemi wurin ajiye mota."

Aka yi ta sa masa albarka. Har ni daga zaure na ce, "Mijina, in motar ta zo ni ce a gaba." Ya ce, "Amarya, ke a bayan akori-kura za a ɗora ki tare da buhuna."

Bayan kwanaki ya yi zagayen nasa. Abin da ya gani Luba ce ta ba ni labari, don abin da Luba ta sani na sani. A kasuwar Tudun Wada irin attarugu ya ƙare tun kafin azahar. A wajen Tiga kowane babur da ya wuce shi da damin dashen attarugu a baya. Ya kira abokan sana'arsa na wasu garuruwa, kowa ya ce haka abin yake a wajensu. Labarin tsadar bara ba Yako kaɗai ya je ba. Uba ya tsaya gaban mai iri ya sayi irin albasa, ya ƙulle ya cusa can cikin aljihu. Albasa tana jira. Ka sa ta a rumbu ta kai ka damina, lokacin da take tsada.

Ya dawo gida da niyyar gaya wa mutane, wannan na yarda. Amma a bakin unguwa ya ci karo da Baffa, ya ɗauro sabon injin ban-ruwa a bayan babur, ga igiya a naɗe a kafaɗarsa, igiyar sa ce amma babu san.

"Ina baƙin san?" in ji Uba.

"Na sayar. Inji da taki da mai, ka san ba sa zuwa da addu'a kaɗai. Fadamar duka zan cika da attarugu. Tunda kai ka faɗa, ban yi shawara da kowa ba. In an kwashe sai in sayo wanda ya fi shi."

A nan ne fa. Sa ya riga ya tafi, gaskiya ne, amma ba a dasa ko tsiro ɗaya ba, inji kuwa ba ya tambayar abin da ka shuka kafin ya ba shi ruwa. Kalma ɗaya ta isa. Uba ya kalli igiyar nan, ya tuna yadda aka kira shi sarki, ya ji nauyin ya ce "na yi kuskure" ya fi masa nauyin buhun da ya taɓa ɗauka a zamanin dako. Sai ya ce:

"Allah ya sa albarka."

Luba ta ce masa ya fita ya faɗa wa mutane. Ya ce gobe. Gobe ta yi ya ce bari a ga yadda kasuwa za ta kaya, wataƙila tsutsar ta dawo. Kun ji fa, mutum yana fatan annoba don kada a ce ya yi kuskure. Yana gobe-gobe har kowa ya gama dashe. Shi kuwa ya sa albasarsa a wata gona da ya karɓa aro can nesa da fadamar unguwa, wanda ya tambaya ya ce ai ta Luba ce, rigimar mata.

Tsutsa ba ta dawo ba. Attarugu ya yi kyau irin wanda ke sa manomi ya tsaya a gona yana murmushi shi kaɗai. Ya yi kyau a Yako, ya yi kyau a ko'ina, kuma duk a lokaci ɗaya ya nuna.

Tsinkar farko an ɗan samu. Ta biyu, kasuwa ta cika har buhuna suka hau kan titi. Baffa ya kai nasa rumfar Uba, don wa zai kai wa? Wata 'yar kasuwa daga Anaca, can Kudu, ta zo, ta taɓa buhu da ƙafa, ta yi tayin da ko kuɗin mota da na masu tsinka bai kai ba. A da in aka yi wa Uba irin wannan tayi, "albarka" zai ce da ƙarfi har a ji a rumfa ta gaba, ya juya baya, mai saye ya biyo shi. Ranar ya duba hagu da dama, buhuna ne iya ganinsa, kowane da mai shi a tsugune. Ya juya ga Baffa bai iya haɗa ido da shi ba.

"Sallama mata," in ji Baffa. "Ko akuya ba ta ci, in na mai da shi gida wa zan ba?"

Tsinka ta uku ba wanda ya yi. Aka bar shi a gona yana zuba. Mata suka yi ƙoƙarin shanyawa, rufin ɗakuna da kan duwatsu duk suka yi ja, unguwa ta kwana biyu tana atishawa. Amma attarugu ba barkono ba ne, yana da tsoka, rabi ya bushe rabi ya yi baƙi.

Sai wurin ciyayya ya canza. Kwanuka suka riƙa fitowa da miyar kuka tsurarta, ba mai ba nama, sai attarugu da aka labta don kada a ce an yi asararsa duka. Maza na ci suna share hawaye, kowa ya ce yaji ne. Kwanon Uba kuwa da mai da nama, don dillali ko kaya sun faɗi la'adarsa na shigowa, buhu ne dai buhu. Da farko ana ci. Sannan albasa ta isa cira, ita kuwa albasa ba a ɓoye ta, ko ba a gan ta ba za a ji ta. Aka ga amalanke na ta sauke wa Uba kaya, aka ga ya kafa rumbuna a bayan gida.

Maikano ne ya fara. "Ashe likitanmu ya rubuta mana magani, shi ya je ya sha wani. Sarkin Kasuwa, wannan duk rigimar Luba ce? Allah ya ba mu mace mai irin wannan rigima."

Ba wanda ya yi dariya. Da aka zo kan kwanon Uba, sai Baffa ya miƙa hannu ya tsallake shi ya jawo na gaba. Sauran suka bi. Ba zagi, ba faɗa. Kwano ya koma wa Luba yadda ta fito da shi, man ya daskare a sama. Washegari haka. Ranar da ta biyo baya haka. Daga nan Uba ya daina fitowa, sai ya riƙa yin magariba a masallacin wata unguwa.

Zafi ya wuce, hadari ya fara haɗuwa, albasa ta fara tashi kamar yadda ya hango. 'Yan kasuwa suka riƙa zuwa har ƙofar gidansa suna tayi. Ya ce ba yanzu ba. Ta ƙara tashi, ya ce ba yanzu ba. Luba ta ɗauka jiran tsada yake, sai da ruwa ya sauka, danshi ya shiga rumbu, albasa ta fara tsiro ta ƙasa tana ruɓewa, shi kuwa yana zaune yana kallo. Nan ta gane, ta zo ta same ni tana kuka.

Na ɗauki sandata. Tun daga zaure wari ya tare ni. Na same shi a bayan gida kan turmi, ya rame, wuya ya yi tsawo kamar na zalɓe.

"Mijina, wannan warin na albasa ne ko kai ne ka fara?"

"Amarya, bar ni."

"Ba zan bar ka ba, ban da wani mijin. Me kake jira? Ta gama ruɓewa ka ce wa mutane kai ma ka yi asara, a yi kunnen doki?"

Ya sunkuyar da kai. "In na sayar na sa kuɗin a aljihu, da wane ido zan kalli Baffa?"

"Da wanda ka kalle shi ranar da ya dawo da igiya. Ai shi ne dai a fuskarka, ban ga an canza maka ba."

Wannan ta shige shi, na ga alama. Na ƙara masa, don ni ba a san ni da rabin aiki ba. Na ce ruwa ya sauka, kowa na huɗa, Baffa na can da farin sa guda ɗaya, garma kuwa ba ta tafiya da sa ɗaya. Da fartanya yake bin gonar da za ta ciyar da gidansa shekara. Ruɓaɓɓiyar albasa ba za ta ja masa garma ba. Wannan zaman da kake yi, na ce, ba don Baffa kake yi ba, don kanka ne, kana so ka ji ka biya ba tare da ka buɗe baki ba.

Ya sayar da abin da ya rage, wanda bai kai rabi ba. Ya je kasuwar shanu ya sayo wani jan sa mai ƙarfi. Amma Uba Uba ne. Maimakon ya kai da kansa, sai ya aika a ɗaure a ƙofar gidan Baffa, kamar sa zai yi masa bayani. Kafin la'asar Baffa ya jawo san ya dawo da shi, ya ɗaure a turken Uba, ya ce wa Luba daga bakin zaure, "Ki ce masa ban ba shi ajiya ba."

Ranar da magariba, ina zaune da tirena, sai na ga abin da ban taɓa gani ba: magidanci ɗauke da kwanon tuwonsa da hannunsa. Ya zo ya ajiye a layi, bai zauna kan tabarma ba, ya tsuguna a ƙasa.

"Na sani," in ji Uba. "Tun kafin ku yi dashe na sani. Na faɗa muku attarugu ban duba ba. Da na duba na ga abin da zai faru, na ji kunyar janye maganata. Baffa, ranar da na gamu da kai da igiya, irin albasa na cikin aljihuna."

Baffa ya daɗe yana murza loma a hannu.

"Na ga ƙullin," in ji shi. "Ya leƙo daga aljihun. Na ce a raina, in da magana Uba zai faɗa mini, ba sai na tambaya ba. Kullum da magariba ina jira. Har na gama dashe ina jira."



Sai Baffa ya tura masa kwanon gidansa. Miyar Ramla ce, ta busasshen attarugun nan da ya yi baƙi, wanda suke ci tun rani.

"Bismilla. Kai ka ce a shuka, ba ka ɗanɗana ba."

Uba ya sa hannu. Loma ta farko ya ƙware, ta biyu gumi ya karyo masa, hanci na zuba, bai tsaya ba. Maikano ya ce, "A hankali Sarkin Kasuwa, akwai sauran buhu a kowane gida, sai ka zaga mu duka." Wani ya yi 'yar dariya ya haɗiye. Uba ya cinye tas, ya sharce kwano.

Aka zo kan nasa kwanon. Kowa ya zuba wa Baffa ido. Ya jawo shi, ya buɗe, ya ture naman gefe da yatsa, ya yanki tuwo ya dangwali miya ya kai baki. Sauran suka sa hannu.

San kuwa Baffa bai karɓe shi kyauta ba. Ya ce aro zai yi. Duk daminar nan da safe zai zo ya kwance jan sa, ya haɗa da farinsa ya yi huɗa, da yamma ya dawo da shi turken Uba, ya ce, "Ga amanarka, na gode." Wannan godiyar ta fi zagi ciwo, na ga yadda Uba ke karɓarta. Masarar Baffa ta yi latti a shekarar, ba ta cika rumbu ba. Maikano da wasu biyu sai da suka tafi cin-rani Kudu kafin su farfaɗo, su ba wanda ya saya musu sa.

Uba yana nan yana dillancinsa. Har yanzu yana zagayen masu iri, amma in ya dawo, kafin ya shiga gida sai ya tsaya ƙarƙashin darbejiya ya zazzage abin da ya gani, har da abin da ba a tambaye shi ba, ya ƙare da cewa, "Amma fa ban sani ba." Wasu na ji, wasu sai su shuka akasin abin da ya faɗa, don tsaro. Baffa bai sake tambayarsa me za a sa a fadama ba.

Luba har yau tana sa nama a kwanon, tana zaɓo tsoka mai kyau ta ajiye a gefen da Baffa ke zama. In kwanon ya dawo ita da mijinta tare suke buɗewa. Tuwo a sharce, miya a sharce, tsokar nan guda tana nan a gefe.